Digiri 15: Aimee Maguire da gwiwar hannun da ta tsayar da ita

Ranar 11 ga Satumba, 2024, ruwan sama ya cinye fiye da rabin wasan kurket da matan Ireland za su buga da na Ingila a filin Stormont na birnin Belfast. An tsara kowane ɓangare zai yi oba 50 (oba ɗaya jifa shida ne), sai aka koma 22. A wannan guntun wasa ne Aimee Maguire, wadda ta cika shekara 18 a makon, ta fitar da 'yan wasan Ingila biyar, maki 19 kacal aka ci a kanta. Ireland ta yi nasara a ƙwallon ƙarshe, kuma rabon matanta da doke Ingila a wasan yini ɗaya tun 2001. Wata huɗu bayan nan, ranar 10 ga Janairu, 2025, a birnin Rajkot na Indiya, alƙalan wasa suka rubuta rahoto cewa ba su gamsu da yadda hannunta ke sakin ƙwallo ba. Kafin 'yan makonni hukumar kurket ta duniya, ICC, ta dakatar da ita daga jifa a wasannin ƙasa da ƙasa.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka sa'a ce ta zo, tsautsayi ya biyo baya. Amma tushen abin ɗaya ne. Ƙasar da ba ta da 'yan wasa da yawa tilas take ƙarasa renon 'ya'yanta a gaban kyamara, inda duniya za ta ga baiwarsu da wuri, ta kuma ga gyaran da ba a kai ga yi musu a gida ba.

Sai mun fara warware wata matsala ta harshe. A Hausa mukan ce mai jifa, domin ba mu da wata kalma da ta fi ta kusa. To amma jifa na ainihi, irin wanda yaro ke yi wa mangwaro, inda yake lanƙwasa hannu ya kai shi bayan kunne sannan ya miƙe shi da ƙarfi, shi ne ainihin abin da dokar kurket ta haramta. Abin da aka yarda da shi ya fi kama da kaɗa majajjawa: hannu ya zagayo daga baya, ya bi ta saman kai, ƙwallo ta fita. Dokar ta ce daga lokacin da damtse ya kai daidai kafaɗa a wannan zagaye har ƙwallo ta bar yatsu, kada gwiwar hannu ta miƙe. A lura da kalmar. Lanƙwasasshen hannu ba laifi ba ne idan ya tsaya a lanƙwashe har ƙarshe. Murɗa wuyan hannu ma halal ne. Miƙewar ce ake aunawa, kuma iyakar da ICC ta yarda da ita digiri 15 ce.

Filin wasan kuwa faffaɗa ne, amma rigimar duk a wani ziri take da ke tsakiya, mai tsawon yadi 22, wato mita 20 da 'yan kai. A kowane ƙarshensa an kafa turaku uku. Mai bugu tana tsaye gaban turakun da katakonta tana kare su, tana kuma neman maki. Jifa shida shi ne oba ɗaya. A wasan yini ɗaya mai jifa ba ta wuce oba 10, a gajeren wasa na T20 kuwa huɗu ne iyakarta. Idan aka ce Maguire ta ci biyar a kan 19, ana nufin ta fitar da mutum biyar, an ci maki 19 daga jifanta.

Ita ba mai jifan ƙarfi ba ce. Tana cikin masu murza ƙwallo da yatsu, kuma bahaguwa ce. Irin wannan mai jifa takan ware manuniya da yatsan tsakiya a kan ɗinkin ƙwallon, ta jingina ƙwallon a gefen yatsa na huɗu, babban yatsa kuma kusan ba shi da aiki. A lokacin saki manuniya ce ke jan ɗinkin ƙasa, kamar mai murɗa marfin kwalba. Ƙwallon tana tafe a iska tana juyawa, ta ɗan karkato wajen ƙafafun mai bugu na dama, sai ta dira ta kauce waje, ta guje wa katakon. Wannan kaucewa ita ce jarin bahaguwa, domin yawancin masu bugu na-dama ne, kuma ƙwallon da ke guje wa katako ta fi wuyar bugu a kan mai shigowa jiki. Akwai kuma ta yaudara: riƙo kusan iri ɗaya, amma ba a murza ba, sai ƙwallon ta zarce kai tsaye ta sami ƙafa ko turke alhali mai bugu na jiran ta kauce. Ƙwallon mata ta fi ta maza ƙanƙanta, nauyinta tsakanin giram 140 da 151, ta maza kuwa tsakanin 156 da 163, amma duk da haka ware yatsu a kanta aiki ne ga yarinyar da hannunta bai gama girma ba.

Wasan Belfast ya cancanci yabo, sai dai a yabe shi da ma'auni. Ingila ba ta zo da manyan 'yan wasanta duka ba, domin suna shirin gasar cin kofin duniya ta T20 da za a yi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a watan Oktoba. Kate Cross ce ta jagoranci tawagar. Ko da hakan, wannan tawagar ce ta ci maki 320 a wasan da ya gabata, Tammy Beaumont ita kaɗai ta ci 150 ba a fitar da ita ba, sannan aka kwashe Ireland gaba ɗaya a kan maki 45. Tazarar maki 275 ke nan. Don haka ba raunanan abokan karawa ba ne. A wasa na uku Ingila ta ci 153 kafin a fitar da mutanenta duka, abin da ya haura maki bakwai a kowane oba. Maguire kuwa ba ta cika oba huɗu ba, kuma abin da aka ci a kanta bai wuce biyar a oba ba. Gajeren wasa yakan taimaki mai murza ta wani fanni: masu bugu ba su da lokacin jira, dole su kai hari, kuma wadda ta fito daga layinta ta kai wa ƙwallo mai kaucewa duka, ko dai ta ɗaga ta sama a cafe, ko ta kuskure mai tsaron baya ta tumɓuke turaku. Abin da ya nuna ƙwarewa shi ne ba ta tsorata ta koma jifa a kwance da sauri ba. Gaby Lewis ta ci 72 a ramuwa, aka zo ƙwallon ƙarshe ana neman huɗu, Alana Dalzell ta buga, mai tsaron gefen fili ta kuskure, ƙwallo ta haye igiyar iyakar fili, maki huɗu ke nan. Bayan watan ya ƙare sunan Maguire ya shiga cikin mata uku da ICC ta tsayar takarar gwarzuwar watan Satumba.

A ganinmu wasan Rajkot ya fi faɗin gaskiya game da matsayinta. Ireland ta ci 238, Indiya ta rama cikin sauƙi da asarar mutum huɗu, kuma uku daga cikin huɗun Maguire ce ta fitar, a oba takwas, an ci 57 a kanta. Fiye da bakwai a oba ke nan, adadin da kan takarda ba ya burgewa. To amma zirin Rajkot busasshe ne, shimfiɗaɗɗe kamar daɓe, ƙwallo na zuwa kan katako yadda mai bugu ke so, kuma matan Indiya tun suna ƙanana masu murza suke fuskanta. A wasanni biyu da suka biyo baya a filin nan Indiya ta ci 370, sannan 435. Sai a ƙara da wata ƙa'ida da ta keɓanci wasan mata: bayan oba goman farko, masu tsaro huɗu kaɗai ake bari a wajen da'irar ciki, wadda nisanta mita 23 ne, igiyar gefe kuma ba ta wuce yadi 70. Mai murza da ta saki ƙwallo ɗaya gajeriya ba ta da isassun masu rufa mata asiri. Fitar da mutum uku a irin wannan wuri aiki ne. Abin takaicin, a wannan wasan ne aka rubuta rahoton.

Me ya sa digiri 15, ba sifili ba? Shekaru da yawa ido kawai ake amfani da shi. Alƙali ya ga hannu bai yi masa ba, ya daka tsawa a soke jifan. Haka Darrell Hair ya yi wa Muttiah Muralitharan na Sri Lanka a Melbourne a Disambar 1995, rigimar da ta ɗauki shekaru ba ta mutu ba. Da aka fara ɗaukar masu jifa da kyamarori masu sauri, sai aka gano kusan kowa yana miƙe gwiwar hannu kaɗan, har da waɗanda ake misali da tsabtar jifansu, domin ƙarfin zagayen kansa yana buɗe gaɓar. An fara gwada ƙa'ida mai hawa uku: digiri 10 ga masu jifan ƙarfi, 7.5 ga matsakaita, 5 ga masu murza. Ba ta yi aiki ba. A 2005 aka tsayar da 15 ga kowa, bisa hujjar cewa daga wajen nan ne idon ɗan Adam ke fara ganin miƙewar. Don a gane ƙanƙantar abin, dogon hannun agogo yana yin digiri shida a minti ɗaya. Digiri 15 tafiyar minti biyu da rabi ce a fuskar agogo. A kan wannan 'yar tazara ake dakatar da mutum daga sana'arsa.

Masu murza da yatsu su suka fi faɗawa wannan tarko, kuma da dalili. Mai murza da wuyan hannu tana samun juyin ƙwallo daga murɗa gaɓar wuyan hannu, hannunta kuwa yakan kasance a miƙe da kansa. Mai yatsu ba ta da wannan gata. Tafin hannunta da sangalinta suna juyawa ne ta fuskar da gwiwar hannu ke son lanƙwashewa, kuma ƙaramar fizga daga gwiwar tana ƙara wa ƙwallo juyi da gudu nan take. Jiki kuwa ba ya ƙin araha. Yawanci matsalar ba a hannun take farawa ba, a ƙasa take. Idan ƙafar baya ta dira tana kallon gaba, ƙirji yakan buɗe da wuri ya fuskanci mai bugu. Idan ɗaya hannun, wanda ya kamata ya ɗaga sama ya ja jiki ƙasa kamar mai jan guga, ya faɗi gefe a sanyaye, kafaɗu ba za su juya ba. Idan ƙafar gaba ta lanƙwashe a lokacin saki, ƙugu ba shi da abin dogara ya hau ya wuce. Duk ƙarfin da ƙafa da ƙugu da kafaɗa suka kasa bayarwa, gwiwar hannu ce ke biyan bashin. Yarinya 'yar shekara 11 ko 12 da aka ba ƙwallon da ta fi ƙarfin yatsunta, aka ce ta kai ta yadi 22, hanyar da ta fi sauƙi za ta bi. Idan ƙwallon na juyawa kuma ana fitar da mutane, koci ƙalilan ne zai ce a tsaya a rushe a sake gini.

Matsalar ba ta yara kaɗai ba ce, kuma ba ta Ireland kaɗai ba. A watannin nan dai aka tuhumi wasu bahagwai biyu masu irin jifanta. Shakib Al Hasan na Bangladesh, wanda ya shekara kusan ashirin yana wasan ƙasa da ƙasa, an kai rahotonsa a Satumbar 2024 yana buga wa ƙungiyar Surrey a Ingila, ya faɗi gwaji a Loughborough, ya sake faɗi a Chennai, sai a Maris na 2025 aka wanke shi. Matthew Kuhnemann na Ostireliya an kai nasa rahoton a Fabrairun 2025 bayan wasanni a Sri Lanka, shi kuwa gwajin farko ya wanke shi. Misalin Kuhnemann yana tuna mana cewa rahoton alƙalai zato ne kawai. Wasu mutane gwiwar hannunsu a karkace take tun haihuwa, wasu tana lanƙwashewa baya fiye da kima, kuma daga wani kusurwar kyamara duka biyun sukan yi kama da jifan mangwaro alhali ba shi ba ne. Wannan lanƙwashewar baya ba a lissafa ta cikin digiri 15.

Tsarin da ake bi bayan rahoto a fili yake. Alƙalai su miƙa takarda ga tawaga da ICC. Mai jifa tana da kwana 14 ta je ɗaya daga cikin cibiyoyin gwaji da hukumar ta amince da su, irin na Loughborough a Ingila, Brisbane, Chennai, Pretoria da Lahore. Kafin sakamako ya fito tana da damar ci gaba da jifa. Maguire ta yi nata gwajin a Loughborough ranar 21 ga Janairu. A ɗakin gwaji ana manna wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a kafaɗa, damtse, gwiwar hannu, sangali da wuyan hannu, kyamarori da yawa da ke kewaye suna ɗaukar ɗaruruwan hotuna a daƙiƙa, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da ƙwarangwal ɗin hannu yana motsi. Ana auna kusurwar gwiwa daga lokacin da damtse ya yi daidai da kafaɗa zuwa lokacin saki, a ga iyakar buɗewarta. Kowane irin jifa da take yi a wasa sai ta yi shi, kuma masana na riƙe da bidiyon wasan da aka kai rahoto suna gwadawa. Dalili kuwa sananne ne: kowa na iya miƙe hannu ya jefa ƙwallo a hankali ba murza ya ci jarrabawa. Idan gudu da salon da ta yi a ɗaki bai yi daidai da na fili ba, ba a karɓar gwajin. Sakamakon Maguire ya nuna ta haura 15, dakatarwa ta fara aiki nan take.

Asarar farko da ta yi ita ce gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 da aka yi a Maleshiya a watan Janairun, inda sunanta ke cikin tawaga aka cire. Masu bibiyar kurket a Najeriya za su tuna wannan gasa, domin a can ne 'yan matan Najeriya suka doke New Zealand da maki biyu, sannan suka doke Ireland da maki shida. A wasan da tazararsa shida ce, rashin mai jifar da ta fitar da 'yan Ingila biyar ba ƙaramin giɓi ba ne. Ta biyu ta fi girma: wasannin neman gurbin kofin duniya na yini ɗaya da aka yi a Lahore a watan Afrilu, inda Pakistan da Bangladesh suka wuce, Ireland ta dawo gida.

Yanzu ga tambayar da ta fi damun masu horarwa: yaya aka yi sai a Rajkot, bayan wajen shekara ɗaya da rabi tana wasa a babbar tawaga? Ta fara ne a tsakiyar 2023 a rangadin West Indies tana shekara 16, bayan ta buga gasar 'yan ƙasa da 19 ta farko a Afirka ta Kudu a farkon shekarar. Amsar tana cikin girman tafkin da Ireland ke kamun kifi. Tawagar tana wakiltar tsibirin gaba ɗaya, Jamhuriya da Ireland ta Arewa, mutum wajen miliyan bakwai, kuma kurket yana can baya da ƙwallon Gaelic, kamogi, ƙwallon ƙafa, rugbi da hoki wajen jan 'yan mata. Wasan ya taru ne a 'yan unguwanni da iyalai: Dublin da yankin Fingal da ke arewacinta, inda kulob ɗin Maguire, The Hills, yake, sai kewayen Belfast da arewa maso yamma. Yayarta Jane ma tana tawagar ƙasa. Gasar cikin gida mafi girma ta mata ƙungiyoyi uku ne kacal, Dragons, Scorchers da Typhoons. Tsakanin kulob da tawagar ƙasa matakala ɗaya ce, alhali a Ingila ko Ostireliya yarinya za ta bi ta hannun koci da alƙalai da masu nazarin bidiyo hawa-hawa kafin ta sa rigar ƙasa.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Gaby Lewis, wadda ta karɓi jagorancin tawagar a 2024, ta fara wasan ƙasa tana shekara 13 a 2014. Elena Tice da Lucy O'Reilly da Louise Little duk a shekara 13 suka fara. Kim Garth tana 14. Amy Hunter ta ci maki 121 a kan Zimbabuwe ranar da ta cika 16, a Oktobar 2021. Sai a Nuwambar 2020 ICC ta sa ƙa'idar cewa sai an kai 15 kafin a buga wasan ƙasa da ƙasa. Kuma waɗanda aka rena ɗin ba duka suke zama ba. Tice ta koma hoki, har ta ci lambar azurfa a kofin duniya na 2018. O'Reilly ta ajiye wasan ƙasa kafin ta kai 20. Garth, wadda ita ce mai jifar da ta fi kowa a ƙasar, ta tafi Ostireliya a 2020 neman kwantiragin da zai ciyar da ita, kuma tun Disambar 2022 rigar Ostireliya take sawa. Duk wadda ta tafi, wata 'yar sakandare ce ke maye gurbinta.

Abin da hakan ke jawowa, Cara Murray ta ɗanɗana shi tun kafin Maguire. Ranar 8 ga Yuni, 2018, a Dublin, tana shekara 17, a wasanta na farko na yini ɗaya, New Zealand ta ci 491, adadin da a lokacin ba a taɓa cin irinsa ba a wasan yini ɗaya, na maza ko na mata. Murray, mai murza da wuyan hannu, an ci 119 a kanta a oba 10, ta fitar da biyu. Kwana biyar bayan nan Amelia Kerr, ita ma 'yar 17, ta ci 232 ita kaɗai a kan wannan tawagar. Irin wannan duka yakan kashe zuciyar mai jifa har abada. Murray ba ta bari ba, kuma a Janairun 2024 a Harare ta fitar da 'yan Zimbabuwe shida a kan maki 31. Shekara biyar da rabi tsakanin ranar kunya da ranar daɗi, kuma duk karatun a bainar jama'a aka yi shi.

Kuɗi sun fara shigowa, gaskiya ne. Ireland ta zama cikakkiyar mamba a ICC a 2017. A 2019 aka ba mata shida kwantiragin wucin gadi, a Maris na 2022 aka ba da kwantiragi 20, bakwai daga ciki na cikakken aiki, tara kuma na ɗalibai da ke haɗa wasa da karatu. Shiga gasar ICC ta ƙasashe goma daga 2022 zuwa 2025 ya tabbatar musu da karawa da manya a kai a kai. Sai dai wannan ci gaban shi ne ya kai yaran gaban kyamarori masu yawa da alƙalan da suka ga dubban masu murza. Sama ta yi sauri, ƙasa ba ta kamo ta ba. Sai kuma yanayi: kakar wasa daga wajen Afrilu zuwa Satumba take, ƙwallo sau da yawa a jiƙe, ziri mai ciyawa da laushi wanda ba ya ba mai murza kaucewa sosai, rabin shekara kuma a cikin rufaffen ɗaki ake atisaye a kan shimfiɗar roba. A kan roba ƙwallo na zamewa da sauri, mai murza da ta ɗaga ta sama sai a yi ta dukanta, don haka yara sukan koyi turo ta da ƙarfi. Turowar nan kuwa ƙofa ce ga gwiwar hannu.

Gyaran jifa aiki ne mai cin rai, kuma koci nagari ba ya farawa da hannun da ake zargi. Yakan cire gudu gaba ɗaya, ya tsayar da mai jifa a gefe, kafaɗarta na kallon inda za ta jefa, nisan 'yan taku daga raga, wani lokaci ma a durƙushe kan gwiwa ɗaya don kada ƙafafu su shiga maganar. Ta yi ta zagaya hannu tana saki, sau ɗaruruwa, wani lokaci da takalmin roba ɗaure a gwiwar hannu don jiki ya san yadda miƙaƙƙen hannu yake ji. Daga nan a ƙara taku ɗaya, a gyara inda ƙafar baya ke dira, a koya wa hannun gaba ja da ƙarfi, a ƙarfafa ƙafar gaba ta tsaya ƙyam ƙugu ya hau ta. Sannan tafiya, sannan ɗan gudu, sannan cikakken nisa ba mai bugu, sai a ƙarshe a kawo mai bugu. A kowane mataki ana ɗaukar bidiyo daga gefe da daga baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar kawo mai bugu. Da zarar an doki ƙwallo biyu zuwa igiya, zuciya ta ɗau zafi, tsohon hannu ya dawo ba tare da mai shi ta sani ba, hali zanen dutse. Kuskure na biyu shi ne a gyara hannu a manta da abin da zai maye gurbin ƙarfin da aka cire, sai a sami jifa mai tsabta wanda ba ya juyawa, ba ya tsorata kowa.

Wannan na biyun ne ya ci Saeed Ajmal na Pakistan. Lokacin da aka dakatar da shi a Satumbar 2014 shi ne na ɗaya a duniya a jerin masu jifa na wasan yini ɗaya, kuma gwaji ya nuna miƙewarsa ta ninka ƙa'ida fiye da sau biyu. Ya gyara, an wanke shi, ya dawo a Afrilun 2015 a Bangladesh, aka yi ta dukansa, kuma daga wannan rangadi bai sake buga wa ƙasarsa ba. Yana da shekara 37 a lokacin, jikinsa ya shekara fiye da ashirin yana abu ɗaya. Sunil Narine na West Indies kuwa, da aka dakatar a Nuwambar 2015 aka wanke a Afrilun 2016, ya ci gaba da cin kasuwarsa shekaru da yawa. A nan ƙuruciyar Maguire ta zame mata riba. Jikin 'yar shekara 18 bai daskare ba, kuma ƙarfin ƙugu da kafaɗa da za su karɓi aikin gwiwar hannu yanzu ne ma suke zuwa mata.

A watan Agusta na 2025 ICC ta sanar cewa an sake gwada sabon jifanta, yana cikin digiri 15, tana iya komawa wasan ƙasa da ƙasa. Wata bakwai ke nan daga rahoton Rajkot. Wanke mutum a ɗakin gwaji ba ya ɗaure hannun alƙalai. Suna da ikon sake rubuta rahoto duk ranar da suka ga abin da bai yi musu ba, kuma wadda ta sake faɗuwa gwaji cikin wata 24 dakatarwar shekara guda ce a kanta, ba ta da damar neman sabon gwaji kafin shekarar ta cika. Haka aka yi wa Mohammad Hafeez na Pakistan a Yulin 2015. Mai kallon da ke son sanin ko gyaran ya zauna, kada ya duba obanta na farko. Ya jira oba na bakwai ko na takwas, rana ta yi zafi, an doke ta huɗu biyu a jere, kyaftin ta tura mai tsaro gefen igiya, ita kuma tana son ta turo ta gaba da sauri. Ya duba ƙafar bayanta inda ta dira, da hannun damanta, ko ya ɗaga ya ja, ko ya faɗi gefe.